Ƙaramar Motar Kaya da Motar Gida: Me Ya Raba Iyakar Gudunsu a Birtaniya?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Leeds, wata bakwai ke nan ina aikin raba kaya gida-gida da wata ƙaramar motar kaya ta haya, Citroen Berlingo. Makon jiya takarda ta zo mini daga 'yan sanda cewa kyamara ta kama ni ina gudun mil 69 a kan A64, hanyar York, wai iyakata mil 60 ce. Alhali hanyar tagwaye ce, kuma motocin gida suna ta tafiya a kan 70. Motar nan ba ta fi motar gida girma ba. Wani abokina mai Fiesta ta kaya ya ce shi 70 yake yi, ba a taɓa rubuto masa ba. Kuskure suka yi ne? In ƙalubalance su ko in biya? Lasisina na ƙasar nan bai cika shekara ba."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a neman da kake yi. In na fahimce ka, tambayarka kashi biyu ce: ko doka ta ɗauki ƙaramar motar kaya daidai da motar gida wajen gudu, sannan me ya kamata ka yi da takardar da ke hannunka. Zan faɗa maka gaskiya tun daga farko don kada ka ɓata kwanakin da aka ba ka: bisa abin da ka bayyana, mafi rinjayen zato shi ne ba su yi kuskure ba. Kuma mai yiwuwa abokinka ma yana kan daidai. Ku biyun kuna kan hanya ɗaya, motocinku kusan girmansu ɗaya, amma doka ba ta sa ku a aji ɗaya ba.

Na shafe shekaru ina koyar da tuƙi a arewacin Ingila, kuma kafin nan ni ma na yi aikin da kake yi. Babu abin da ke jawo wa sababbin direbobin kaya makin hukunci a lasisi kamar wannan batu, domin allon da ke bakin hanya ba ya faɗin sa, kuma masu ba da hayar mota ba kasafai suke zaunar da mutum su yi masa bayani ba. Su dai su miƙa maka makulli.

Abin da allon bakin hanya ba ya faɗa

Ka san allon nan mai da'ira fara da baƙin layi a karkace. Yawancin mutane sun haddace shi a matsayin "60 ko 70". Ma'anarsa ta ainihi ita ce daga nan iyakar gudu ta ƙasa ta fara aiki, kuma wannan iyaka tana bin abu biyu: irin hanyar, da irin motar da kake ciki. Motar gida tana da mil 60 a hanya mai falle ɗaya, mil 70 a tagwayen hanya, mil 70 a motowe, wato babbar hanya mai shuɗin allo. Motar kaya wadda nauyinta da kaya bai wuce tan 7.5 ba tana da mil 50 a falle ɗaya, mil 60 a tagwayen hanya, sai a motowe kaɗai take komawa 70 kamar kowa. A cikin gari babu bambanci: mil 30 ne inda akwai fitilun titi kuma ba a sa wata alama ba, ban da Wales da ta mayar da nata mil 20 tun 17 ga Satumba 2023. Ga wanda kansa ya fi sabawa da kilomita, mil 50 kusan kilomita 80 ne, 60 kusan 97, 70 kuma kusan 113.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Ko a gida Najeriya, ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta ba motar gida kilomita 100 a babbar hanya, tasi da bas 90, tanka da tirela 60. Abin da ke ruɗa mutum a nan shi ne inda aka ja layin, domin an ja shi ƙasa sosai, har ya haɗa da motocin da idonka zai ce maka ƙanana ne.

Akwai kuskure biyu da nake yawan gani kafin ma a zo batun ajin mota. Na farko, mutane suna ɗauka tagwayen hanya ita ce mai layi biyu ko uku. A doka, abin da ke sa hanya ta zama tagwaye shi ne shingen tsakiya da ya raba masu zuwa da masu komawa, ko ƙarfe, ko kankare, ko ciyawa. Hanya mai layi huɗu da fenti kaɗai ya raba, falle ɗaya ce, iyakarka a kanta 50. Na biyu, mutane suna ɗauka duk hanya mai faɗi da kyau motowe ce. A64 ba motowe ba ce, allonta kore ne. In ka hau A1(M), wadda motowe ce, kana da 70, amma da zarar ka sauka ka kama A64 zuwa York, ka koma 60, ko da kwalta da faɗin hanyar ba su canja a idonka ba. Ina zaton a nan aka kama ka: ƙafarka ta riƙe gudun da ta saba da shi, launin allo ya canja ba ka lura ba.

Idan kuma an rubuta lamba a jan da'ira, to wadda ta fi ƙanƙanta tsakanin lambar allon da ta ajin motarka ita ce taka. Allo ya ce 40, kowa 40. Allo ya ce 60 a hanya mai falle ɗaya, kai dai 50 ne.

Inda Fiesta ta bambanta da Berlingo

Dokar da ta tsara wannan ta shekarar 1984 ce, kuma a jadawalinta na shida aka jera ajin motoci da gudunsu. A ciki an keɓe wani nau'i guda na motar kaya da aka yarda ya yi gudun motar gida: motar kayan da aka ciro daga jikin motar gida. Sharaɗi biyu ne, kuma dole su haɗu. Na ɗaya, asalin ƙirarta ta motar ɗaukar mutane ce, aka cire kujerun baya, aka toshe gilasan gefe, aka shimfiɗa daɓen kaya. Na biyu, iyakar nauyin da aka yarda ta kai tare da kaya bai wuce tan 2 ba.

Fiesta ta kaya ita ce misalin da kowa ke bayarwa, ita da Vauxhall Corsa ta kaya. Ka tsaya gefensu, motar gida ce sak, gilasan gefe na baya kawai babu. Shi ya sa na ce abokinka mai yiwuwa yana kan daidai. Irin waɗannan suna ƙara ƙaranci ma, tun da Ford ta daina ƙera Fiesta a 2023.

Berlingo da 'yan'uwanta, irin su Peugeot Partner, Renault Kangoo, Volkswagen Caddy da Ford Transit Connect, su ne ke tsakiya, kuma su suka fi jefa mutane cikin tara. Da yawansu nauyinsu da kaya ya haura tan 2, to magana ta ƙare tun daga nan. Waɗanda suka tsaya ƙasa da tan 2 kaɗan kuma, sau da yawa za ka tarar an yi musu rajista a matsayin motar kaya mai rufaffen jiki, ba wadda aka ciro daga motar gida ba. Cika sharaɗi ɗaya bai isa ba.

Ka lura da kalmar "iyakar nauyi". Ba nauyin da motar take da shi a ranar ake dubawa ba. Na sha jin direba yana cewa, "Ai babu komai a ciki, na gama raba kaya." Ko iska kaɗai ka ɗauko, abin da masana'anta ta buga a jikin motar shi ne hujja. Motar da aka yarda ta kai kilo 2,300 tana nan a ajinta, cike ko wayam.

Yadda za ka gane ajin taka bai da wahala. Buɗe ƙofa ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kai, ko ka ɗaga bonet, za ka ga ɗan faranti ko sitika mai lambar shasi da lambobin nauyi huɗu a jere. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da kayanta. Ta biyu ta haɗa da abin da za ta iya ja, sauran biyun na gatarin gaba da na baya ne. In ta farkon ta wuce 2,000, ka huta da bincike. In ba ta wuce ba, sai ka nemi takardar rajistar motar, V5C, ka duba wurin da aka rubuta nau'in jikin mota. Tunda ta haya ce, takardar tana hannun kamfanin, amma kana da damar ka nemi su aiko maka da hotonta. In an rubuta CDV, ko cikakkun kalmomin da ke nufin an ciro ta daga motar gida, to kana da abin riƙewa. In an rubuta wani abu daban, ka ɗauka 50, 60, 70 ne naka.

Akwai wani nau'i na biyu da aka yarda masa gudun motar gida, wato mota mai amfani biyu, ta mutane da ta kaya. Zan taɓa shi a gurguje domin wata rana za a iya ba ka irinta. Nauyinta ba tare da kaya ba kada ya wuce kilo 2,040, sannan ko dai ta kasance mai jan ƙafa huɗu, ko kuma tana da rufi mai ƙarfi, da jerin kujeru na dindindin a bayan direba, da tagogi a gefe da baya masu girman da doka ta ƙayyade. A nan masu akori-kura mai ƙofa huɗu, irin Hilux da Ranger, suke faɗawa rami. Mutum yana ganin kujeru biyar da kwandishan sai ya ɗauka motar gida yake ja, alhali da yawa daga sababbin sun haura kilo 2,040 tun ba a ɗora musu ko buhu ɗaya ba. Motocin kaya masu lantarki ma batir yana ƙara musu nauyi, don haka kada ka ɗauka sabuwar mota mai shiru ta fita daga wannan lissafi. Idan kuma ka ɗaura tirela, ko da motar gida ce, iyakarka ta koma 50 a falle ɗaya, 60 a tagwaye, 60 a motowe, kuma ba ka da izinin shiga layin dama na ƙarshe a motowe mai layi uku ko fiye.

Shin dokar tana da ma'ana?

Na san abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya, domin ni ma ya ci mini. Berlingo mai kujeru biyar da gilasai, wadda iyali ke shiga, jiki ɗaya ne da taka, daga masana'anta ɗaya, amma ita tana da 70 a kan A64. Jip ɗin alfarma mai nauyin da ya haura tan 2 da rabi shi ma yana da 70. Kai da ƙaramar motarka an ce 60. In mutum ya ce akwai rashin daidaito a nan, ban ga laifinsa ba. An ja layin tan 2 a zamanin da motocin gida ba su da nauyin na yau, kuma birkin motocin kaya na wancan lokaci ba abin yabo ba ne. Motoci sun canja, lambar ba ta canja ba. A ra'ayina dokar tana bukatar a sake duba ta, ko don direba ya iya gane ajinsa ba tare da ya tsuguna yana karanta faranti ba.

Amma ba zan ce maka ba ta da tushe ba, domin na ja waɗannan motoci cike da kaya, na san yadda suke. Motar gida nauyinta bai cika canjawa sosai ba tsakanin safe da yamma. Taka kuwa da safe tana iya ɗaukar kilo ɗari shida ko fiye, da la'asar ta zama fanko. Mota biyu ke nan a rana ɗaya, kuma ƙafarka tana taka birki iri ɗaya. Kayan kuma ba a ɗaure suke kamar fasinja ba. In ka sha kwana da gudu suna gangarawa gefe ɗaya, in ka taka birki suna tahowa gaba. Jikin motar dogo ne a tsaye, iskar gefe tana ture shi, wanda duk ya bi hanyoyin tuddan Yorkshire a watan Janairu ya san wannan. Ga shi babu madubin tsakiya, babu gilashin gefe, in ka zo mahaɗa mai karkata sai ka leƙa kamar mai neman wata.

Sai lissafin tsayawa. Littafin ƙa'idojin hanya na Birtaniya ya ba da tazarar da motar gida ke bukata kafin ta tsaya cak a busasshiyar kwalta: mita 53 a mil 50, mita 73 a mil 60, mita 96 a mil 70. Wato mil goman nan da kake gani kamar ba komai ba, mita 20 ne ko fiye, tsawon motoci huɗu zuwa biyar. A jiƙaƙƙiyar hanya kuwa tazarar tana ninkawa aƙalla sau biyu, kuma ka san ruwan ƙasar nan. Ƙarfin karo kuma ba ya hawa daidai da gudu, ya fi shi sauri: daga 50 zuwa 60 yana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari, daga 60 zuwa 70 da kashi 36. Ka ɗora nauyin kaya a kan wannan.

Dalilin da ya sa aka bar ka da 70 a motowe amma aka hana ka a A64 shi ma a fili yake in ka kalli hanyoyin. Motowe babu mai keke, babu tarakta, babu mai tafiya a ƙasa, babu wanda zai ɓullo daga gona ya tsallaka. Tagwayen hanya mai koren allo kuwa tana iya samun duk waɗannan, ga shataletale, ga wuraren tsayawa da babbar mota ke fitowa a hankali. Hanya mai falle ɗaya ta karkara ta fi su duka haɗari, domin abin da ya raba ka da mai tahowa fenti ne kawai.

Na taɓa tsira da ƙyar a irin wannan hanya a shekarata ta farko. Wurin da nake wa aiki sun cika mini mota da kwalaye har rufi, suka ba ni jerin gidajen da ko aljani ba zai gama kafin magariba ba. Ina kan 60 a hanyar karkara, a zatona daidai nake, na sha kwana sai ga tarakta tana jan ciyawa a gabana. Na taka birki har ƙasa. Motar ta tsaya, amma sai da na ga tsatsar da ke jikin ƙugiyar tirelar, kwalaye kuma suka daki shingen da ke bayan kujerata da ƙarar da har yau nake jin ta. Da 50 nake, da na tsaya da sauran fili mai yawa. Washegari wani tsohon direba ya tambaye ni nawa nake gudu, na faɗa masa, sai ya ce ai tun farko na wuce ƙa'ida da mil goma. Ranar na fara sanin wannan doka, bayan wata huɗu ina aikin.

Kuma ka yi lissafin abin da kake samu. Mil 20 na tagwayen hanya a kan 60 minti 20 ne, a kan 70 kusan minti 17. Minti uku. Lokacin mai raba kaya ba a kan babbar hanya yake ɓacewa ba, a neman lambar gida yake ɓacewa, da neman wurin fakin, da tono kwali ɗaya daga ƙarƙashin talatin. In ka jera kayanka da safe bisa tsarin unguwanni, za ka samu abin da ya ninka minti ukun nan sau goma.

Takardar da ke hannunka

Nan ne nake so ka nutsu, domin abin da za ka yi a 'yan kwanakin nan ya fi gudun da ka yi muhimmanci. Ni malamin tuƙi ne, ba lauya ba, kuma takardarka da farantin motarka suna wurinka, don haka abin da zan faɗa shi ne yadda tsarin yake tafiya gaba ɗaya. In magana ta kai kotu, ka nemi lauyan da ya ƙware a laifukan hanya.

Takardar farko tana zuwa ne ga wanda sunansa ke kan rajistar mota, cikin kwana 14 da faruwar abin. Tunda motar haya ce, kamfanin ne ya fara karɓa, ya ba da sunanka, sannan aka rubuto maka. Saboda haka in ka ga taka ta iso bayan kwana 14, kada wani ya ruɗe ka cewa ta lalace. Ƙa'idar kwanakin tana kan takardar farko ce. A cikin taka akwai fom da ke tambayar wanda ke tuƙi a lokacin, kuma kana da kwana 28 ka mayar. Ka cike shi ka mayar ko da kana da niyyar jayayya. Amsa cewa kai ne direba ba amsa laifi ba ne. Ƙin mayar da fom ɗin kuwa laifi ne mai zaman kansa, makinsa shida, ga tara mai iya kai fam 1,000.

Maki shida ɗin nan su ne abin tsoro a wurinka. Direban da ya daɗe sai ya tara maki 12 cikin shekara uku ake dakatar da shi. Kai kuwa da ba ka cika shekara biyu da cin jarrabawa ba, maki shida sun isa a soke lasisinka, ka koma ɗan koyo, ka sake jarrabawar rubutu da ta tuƙi. Mafi ƙarancin hukuncin wuce ƙa'idar gudu fam 100 ne da maki uku. Wato irin wannan takarda sau biyu, aikin ya tafi. Na ga wanda haka ta faru da shi, matashi mai ƙoƙari, takardu biyu cikin mako guda a hanya guda, domin ta biyun ta faru kafin ta farkon ta iso ya gane kuskurensa. Don haka ka tuna ko ka sake bin hanyar da irin wannan gudu bayan ranar, kuma daga gobe ka sauke ƙafa.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi. A gudu irin naka, 69 a wurin 60, sau da yawa 'yan sanda kan ba da zaɓin zama kwas na wayar da kai a maimakon maki, in mutum bai yi irin kwas ɗin ba cikin shekara uku da suka wuce. Kuɗinsa ya yi kusa da tarar, amma babu maki. Ba haƙƙi ba ne, su suke da ikon bayarwa ko hanawa, amma in suka ba ka, ka karɓa hannu biyu.

Jayayya kuma tana da muhalli ɗaya tak: in ka duba ka ga nauyin bai wuce kilo 2,000 ba, kuma V5C ta nuna an ciro motar daga motar gida. To sai ka mayar da fom, ka haɗa da wasiƙa da hoton takardar da na farantin, ka nemi su sake dubawa. Idan ba haka ba, zuwa kotu da hujjar "motata ƙarama ce" ko "ban sani ba" asara ce. Kotu tana auna tara da abin da kake samu a mako, tana iya kai fam 1,000, ko 2,500 in a motowe ne, ga kuɗin shari'a a kai.

Wani abu kuma da nake jin kunyar ambato amma dole: za ka samu mai ba ka shawarar ka sa sunan wani, ko ɗan'uwa mai tsaftataccen lasisi, ko wani da ya koma gida. Kul. Wannan ya tashi daga laifin hanya ya koma yi wa shari'a zagon ƙasa, kuma gidan yari ake zuwa. A 2013 an yanke wa Chris Huhne, wanda ya riƙe muƙamin ministan makamashi, ɗaurin wata takwas shi da tsohuwar matarsa, saboda ta karɓi makinsa na gudun da ya yi tun 2003. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, balle kai da zamanka a ƙasar ya dogara da tsaftar takardunka.

Kada kuma ka dogara da zancen "kashi goma da ɗoriyar biyu" da direbobi ke yi, wai ba a kama mutum sai ya kai 68 a wurin 60. Shawara ce da shugabannin 'yan sanda suka ba jami'ansu kan inda za su fara hukunci, ba doka ba ce. A doka 61 ma laifi ne. Ka kuma sani malejin mota an yarda ya nuna sama da gudunka na gaskiya, amma ba a yarda ya nuna ƙasa ba. In kyamara ta ce 69, to allurarka ta kai 70 ko ta ɗan haura.

Abin da nake sa ɗalibaina masu shiga aikin kaya su yi kaɗan ne. Su manna 'yar takarda kusa da sitiyari mai lambobi uku, 50, 60, 70, domin taswirar waya da allon motar kansa yawanci iyakar motar gida suke nunawa. Za ka ga 70 ɓaro-ɓaro a gabanka alhali ba taka ba ce. Su yi amfani da maɓallin taƙaita gudu in motar tana da shi, su saita shi a 60 da zarar allo ya koma kore. Kuma duk ranar da aka canja musu mota, su duba faranti kafin su tayar da inji, domin Berlingo biyu masu launi ɗaya a fili ɗaya suna iya bambanta a nauyi.

Wanda ya fi wahalar jurewa shi ne matsin na baya. Kana kan 50 a hanya mai falle ɗaya, motar gida ta manne maka tana walƙa fitila, domin shi ma bai san iyakarka ta bambanta da tasa ba. Kada ka ƙara gudu don ka faranta masa, kada kuma ka yi masa alamar ya wuce, domin in wani abu ya faru a kwanar da ba ka gani ba, da hannunka a ciki. Ka ƙara tazara tsakaninka da na gabanka, ka riƙe hagunka, in layin da ke bayanka ya yi tsawo ka shiga wurin tsayawa na farko da ka gani su wuce. In kuma masu ba ka aiki sun tsara maka zagayen da ba ya yiwuwa sai da gudun motar gida, ka rubuta musu a saƙo cewa motar tana ƙarƙashin iyakar 50 da 60, ka ajiye amsar da suka ba ka. Makin a lasisinka zai hau, su kuwa gobe za su miƙa wa wani makullin.

Ka duba farantin yau, ka nemi hoton V5C daga masu hayar, ka mayar da fom ɗin kafin kwana 28 su cika. Allah ya tsare hanya.